Matasa, Har Yau Ba A Samo Riga-kafin Ƙanjamau Ba

'Yan'uwana matasa, wata magana na ji daga bakin ƙanina a majalisa, ta tsaya mini a rai. Wai ƙanjamau tsohon zance ne, ai an samo allurarta. Wallahi ba a samo ba.

Tun 1983 masana a cibiyar Pasteur da ke Paris suka gano ƙwayar cutar. A 1984 sakatariyar lafiya ta Amurka, Margaret Heckler, ta yi fatan cikin shekara biyu za a fara gwada riga-kafi. Ga shi an haura shekara 40 ana nema. Gwajin da ya ɗan faranta rai shi ne na Tailan a 2009, kan mutum fiye da 16,000, shi ma kariyarsa ba ta wuce kashi 31 cikin ɗari ba. Da aka sake jarraba irinsa a Afirka ta Kudu, dakatar da shi aka yi a 2020. Ƙwayar nan hawainiya ce: kafin garkuwar jiki ta gane ta, ta sauya kama, kuma sojojin garkuwar ma su take fara kashewa.

Abin da ƙanina ya ji labarinsa lenacapavir ne, allurar da ake yi duk wata shida. Magani ne mai tare cutar, in ƙarfinsa ya ƙare sai an sake. Riga-kafi irin wanda ya kawar da agana daga doron ƙasa a 1980 ba mu kai gare shi ba.

Ku duba abin da rashinsa ya jawo. Sama da mutum miliyan 40 sun rasu. A 2023 kaɗai, kimanin miliyan 1.3 suka kamu. A Najeriya binciken 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ita. Marayu nawa ke nan, gidaje nawa?

Don Allah ku kame kanku. Ku yi gwajin jini kafin aure ba tare da jin an tozarta ku ba. Ku guji reza da allurar da wani ya yi amfani da su. Wanda ya kamu ya riƙe maganinsa kullum, domin mai shan sa yadda ya kamata yana aure, yana haihuwar 'ya'ya lafiyayyu. Kada ku ƙyamace shi, kada kuma ku kai shi wurin masu rantsuwar suna warkar da ita a kwalba.

Ƙanin nawa kuwa mun yi da shi ranar Litinin za mu je asibiti tare, ni zan fara miƙa hannu.