Minti Biyu Na Shiru Da Rasuwar Sajan

Ranar 11 ga Nuwamba ina tashar jirgin ƙasa a Manchesta, ƙarfe goma sha ɗaya na safe daidai, sai aka yi sanarwa a lasifika. Kafin in ankara kowa ya tsaya cak. Mai shara ya jingine tsintsiyarsa, yarinyar da ke yankan tikiti ta miƙe tsaye, wani tsoho da lambobin yabo jere a ƙirji ya cire hula ya sunkuyar da kai. Har 'yan makaranta da bakinsu ba ya rufuwa sun yi tsit. Kusan kowa da jan fure na takarda maƙale a riga. Minti biyu cur, ko tari ban ji ba. Haka suke yi duk shekara, domin a wannan sa'a aka tsagaita wuta a yaƙin duniya na farko a 1918.

Ni kuwa hawaye ne suka ƙwace mini. Kwana uku kafin nan aka turo a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu cewa Sajan ya rasu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Benci ɗaya muka zauna tun ajin farko na sakandare. Mu muka wuce jami'a, shi ya tafi Dafo na Zariya ya sa kaki. Yana cikin waɗanda aka tura Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a 1990, daga baya kuma Saliyo. Da ɗingishi ya dawo, bai kuma taɓa gaya mana yadda aka yi ba. In an matsa masa sai ya ce ai ya wuce. Bayan ritaya ya rungumi 'ya'yansa shida da marayun ƙaninsa biyu, ba ka iya gane wanne ne nasa.

A nan Ingila da wuya ka ratsa ƙauye ba ka ga ginshiƙin dutse a tsakiyarsa ba, an sassaƙa sunayen 'ya'yan ƙauyen da suka faɗi a fagen daga, hafsa da kurtu jere tare. Shekara ɗari da ɗoriya, har yau ana goge dutsen. Kuɗin jan furen nan kuma tsoffin sojoji da iyalansu ake taimaka wa da shi. Mu ma muna da 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kun san yadda ake yi. To ban da manyan da ke ajiye furanni a Abuja, wa ke tsayawa? Sajan ya sha bin layin tantancewar fansho yana dogara sanda, kamar mai roƙo.

Ba ina wanke Bature ba ne. Kakanninmu da suka yi masa yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82, da yawansu sun dawo ba su ga abin a zo a gani ba. Kuma na sani an cika sahu a jana'izar Sajan, abin da tsoffi da dama a nan ba sa samu. Amma bayan an share makoki fa? Ina jikansa zai je ya ga sunansa? Wannan ya tsaya mini a rai.

Gaskiya ma ba dutsen ne ya fi ci na ba. Cikin watan Agusta ya turo mini saƙon murya, yana tambaya yaushe zan zo. Na ce in na tashi aiki zan amsa, shi ke nan har yau. A tashar nan, da aka ci gaba da hada-hada, na sake kunna shi sau uku.

Da daddare na kira mai ɗakinsa na yi mata gaisuwa. Ta ce, "Ai kullum yana cewa da rani za ka zo."