Mutum 28 a Tekun Atlantika, da Namu na Ejigbo

A Najeriya 15 ga Janairu ranar tunawa da 'yan mazan jiya ce: a ajiye furanni a Abuja, a saki fararen tattabaru, kowa ya kama gabansa. A nan gabashin Amurka inda nake zaune, ranar ce kuma wasu iyalai ke tuna mutum 28 da teku ta haɗiye a 1961.

Zamanin yaƙin cacar baka ne. Rundunar sojin saman Amurka ta kafa hasumiyoyi uku a cikin tekun Atlantika, kowace ɗauke da na'urar rada, don hango jiragen yaƙin Tarayyar Sobiyet tun suna nesa. Wadda ake kira Texas Tower 4, a can nesa da gaɓar New Jersey, ita ta fi shiga ruwa mai zurfi, wajen ƙafa 185. A jihar Maine aka ƙera ta, aka jawo ta a 1957, kuma tun lokacin wasu ƙarafan da ke ɗaure ƙafafunta uku suka samu lahani. Aka yi faci aka ci gaba. Masu kwana a kanta har laƙabi suka yi mata saboda yawan girgizarta. Da guguwar Donna ta buge ta a Satumban 1960, sai aka rage mutane, aka bar soja 14 da farar hula 14 masu gyara. Ɗaya daga dalilan ƙin kwashe su duka shi ne tsoron kada jiragen kamun kifin Rasha da ke shawagi a wurin su hau su kwashe na'urorin sirri. Wato an auna ƙarfe da rai, ƙarfe ya yi nauyi.

Shugabansu, Kyaftin Gordon Phelan, ya yi ta sanar da na sama halin da suke ciki. Kafin a yarda a kwashe su, iska ta riga ta fi ƙarfin jirgi mai saukar ungulu. Babban jirgin ruwan yaƙi Wasp yana hanya hasumiyar ta ɓace daga rada. Gawa biyu kaɗai aka samu.

Kada wani ya ce Amurkawa sun yi wa mamatan adalci. Kanar ɗin da aka gurfanar a kotun soja an wanke shi. Sai a 2011, bayan shekara hamsin, iyalan suka samu wasiƙar girmamawa daga Shugaba Obama, ita ma bayan dogon naci. Gwamnati ko'ina ba ta son a tuna mata abin kunyarta. Amma kwamitin Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata John Stennis ya zauna tun a 1961, ya kira injiniyoyi da hafsoshi, ya buga abin da ya gano. Jikan ɗaya daga mamatan zai iya karanta yadda aka bar kakansa a kan ruɓaɓɓun ƙafafu, da wanda ya sa hannu. Da wannan takarda iyalai suka riƙa ƙwanƙwasa ƙofa.

Mu fa? Ranar 26 ga Satumba 1992 jirgin sojin sama ƙirar C-130 ya faɗi a fadamar Ejigbo, mintoci kaɗan da tashinsa daga Legas. Sama da mutum 150 suka rasu, akasarinsu hafsoshi ɗaliban kwalejin Jaji, samari masu tashen aiki. Matansu sun shekara da shekaru suna kukan alkawuran da ba a cika ba. Tsayar da saurayi a Kawo ko Rigachikun, ƙofar Jaji ke nan, ka tambaye shi labarin, ka ga kallon da zai yi maka.

Ba rashin tausayi ba ne. A wajen zaman makoki mun fi su nesa ba kusa ba. A nan ana binne mutum a yi 'yar liyafa a watse, gwauruwa ta koma gida ita kaɗai. Mu kuwa tabarma ba ta naɗuwa sai an yi uku, an yi bakwai, ana shigowa da kwanukan abinci. Matsalarmu ita ce da an ce "kwana ya ƙare" sai baki ya mutu, mai tambayar wa ya duba injin a ce bai yarda da ƙaddara ba. Alhali malamanmu ne suka koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Shari'a ma ta san kisan kuskure, ta aza masa diyya.

Jaji na da jerin sunayen ɗalibanta na wancan zango. Karanta su a Rediyon Kaduna kowace 26 ga Satumba, da muƙamin kowa da garinsu, ba zai ci rabin sa'a ba.