Kai yara gonakin inabi a Cape Town: inda nake shiga da inda nake tsayawa

'Yan uwanmu da ke zuwa Cape Town hutu ko karatu da iyalansu suna yawan tambayata ko ya dace su kai yara gonakin inabin Stellenbosch da Franschhoek, garuruwan da ke kusa da birnin, alhali kowa ya san giya ake matsewa a can. Fatawa ta malamai ce. Ni dai uba ne mazaunin garin nan, ga kuma yadda nake kallon abin.

Wanda bai taɓa zuwa ba zai zaci mashaya ce kawai. A'a, gonaki ne manya, wasu sun haura shekara 300. Groot Constantia tun 1685 take, gwamna Simon van der Stel ne ya kafa ta. A Vergenoegd ana sakin garken agwagi su shiga cikin inabin su cinye dodon koɗi don a rage feshin magani, kuma in yara suka ga agwagin nan sun jero suna sauri, to ranar ba ka da sauran magana a gida sai ta agwagwa. Fairview da ke Paarl tana da hasumiyar da awaki ke hawa, ga cuku kala-kala. Babylonstoren kuwa lambu ne da za ka wuni kana zagayawa. Yaron da ya tashi a bene, ya ɗauka inabi daga firji yake fitowa, ya kamata ya ga nonon inabi a jikin kurangarsa, musamman daga Janairu zuwa Maris lokacin girbi. Wannan ban ga laifinsa ba.

Inda nake tsayawa shi ne teburin ɗanɗano. Mu daina yaudarar kanmu, lilo da filin wasan da aka kafa dab da wurin zama ba don son 'ya'yanmu aka yi su ba, an yi ne don iyaye su zauna su daɗe, kwalba ta bi kwalba. Abin da ya fi damuna ma, wasu gonakin sun ƙirƙiro ɗanɗano na yara: a jero wa ɗan shekara 5 ƙananan kofuna na ruwan inabi marar bugarwa da alewa a gefe, ya ɗaga, ya shinshina, ya kurɓa kamar yadda manya ke yi a teburin kusa. Ruwan halal ne, ba gardama. Amma me ake koya masa? Hannunsa ne ake saba wa riƙon kofin tun kafin ya cika 18 ɗin da doka ta yarda a sayar masa. Hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya sananne ne, kuma ko ba don addini ba, ban san uban da zai so ɗansa ya fara atisayen sha ba. Ga kuma hanya: da la'asar mutanen da suka wuni suna kurɓa su ne ke tuƙo mota da yara a baya. Shi ya sa da hantsi muke zuwa, kafin azahar mun kama hanya.

Akwai dalilin da ya fi agwagi ƙarfi a wurina. Fararen gine-ginen nan masu kyan hoto, bayi ne suka gina su, su suka nome gonakin, an kwaso su daga Indunusiya, Indiya, Madagaska da gabashin Afirka, kuma daga cikinsu Musuluncin Cape ya yi saiwa. A bakin ƙofar Klein Constantia akwai hubbaren Shehu Abdurrahman Matebe Shah, wanda Turawan Holan suka koro daga tsibirin Sumatara na Indunusiya. Shehu Yusuf na Makassar, shi ma ɗan Indunusiya, a 1694 aka kawo shi, aka ajiye shi a gonar Zandvliet har ya rasu a 1699. An soke bauta a 1834, sai aka ci gaba da biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, tsarin da suke kira dop. Doka ta hana shi tun wajen 1960, amma ya kai shekarun 1990 a wasu gonakin. Har yau yankin nan yana cikin wuraren da suka fi yawan jariran da shan giyar uwa ya nakasa tun suna ciki a duk duniya. Babbar 'yata ta isa jin wannan, kuma a tsaye cikin gonar nake gaya mata, don takardar talla ba za ta faɗa mata ba.

Masu cewa kada a je sam, tunda kuɗin ƙofa da na cuku aljihu ɗaya suke shiga da na giya, hujjarsu mai nauyi ce, ba na jayayya da su. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya wuce da yaransa lambun Kirstenbosch, yana nan a gindin dutsen Table tun 1913, fili ya ishe su gudu.