A Ingila ciyawa ma lamba gare ta

Ranar Asabar maƙwabciyata, wata dattijuwar baturiya da ta yi ritaya daga koyarwa, ta ja ni wani fili a bayan wani ƙauye nan arewacin Ingila, wai ƙungiyarsu ta 'yan sa-kai za su duba ciyawa. Ciyawa fa jama'a. Muna zuwa suka kafa turaku huɗu suka zagaye da igiya, mita 2 ta kowane gefe, tsofaffi da furfurarsu suka durƙusa a cikin raɓa kowa da ɗan gilashin ƙara girma a wuya, duk tsiron da ke cikin igiyar nan sai an rubuta sunansa an ba shi maki daga 1 zuwa 10 gwargwadon yadda ya rufe ƙasa, a tsige turakun a matsa gaba a sake. Can jagoransu ya buɗe littafi ya ce "MG5 ce", sai murna kamar an yi musu albishir da kujerar Makka.

MG5 ɗin nan tsohuwar makiyaya ce wadda ake yanka ingirici a cikinta, garma ba ta shige ta ba kuma ba a zuba mata takin zamani ba, shi ya sa furanni suka cika ta. Irin waɗannan filaye kashi 97 cikin ɗari sun ɓace a Ingila da Wales tsakanin 1930 da 1984, toh kun ji dalilin murnar. Tsarin nan na ba kowane rukunin tsirrai lamba kuwa tun 1975 aka fara shi a Jami'ar Lancaster ƙarƙashin John Rodwell, aka auna wurare wajen 35,000, aka fitar da littafi biyar daga 1991 zuwa 2000, aka kasa tsirran Birtaniya gida 286. W na dazuzzuka, M na wuraren da ruwa ke kwanciya, H na tuddan ƙananan itatuwa, kowanne da sunan tsiron da ya fi yawa a ciki da irin ƙasar da yake so. In daji ne igiyar mita 50 ake ja. Kuma ba ado ba ne, da lambar nan hukuma ke zaɓen wurin da za ta kare, mai son gina gidaje a kan MG5 sai ya sha tambayoyi.

A hanyar dawowa ta ce mini, ku naku dajin wane iri ne? Na ba ta abin da aka koya mana a sakandare, sabanar Gini, sabanar Sudan, Sahel. Ta ce "uku?" cikin ladabin nan nasu mai ƙona rai. Arewacin Najeriya kaɗai ya kusa ninka Birtaniya sau uku amma suna uku muka haddace, su ma ɗin daga taswirar jami'an gandun daji na zamanin mulkin mallaka.

Ban ce ba su yi ƙoƙari ba, wallahi sun yi, rubutu rubutu ne. Amma ni dai ba zan yarda a ce sun fi mu sanin ƙasa ba. Ka ɗauki tsohon manomi ko Bafulatanin da ya tashi a bayan shanu, ba igiya ba gilashi, daga nesa zai ce maka nan jigawa ce ga sabara da ƙarangiya, can fadama ga giginya da bagaruwa, wancan faƙo ne ko ka shuka asara, gonar da tofa ta kama ka shirya wahala, inda gawo yake kuwa gero zai yi kyau a ƙarƙashinsa don da damina yake zubar da ganye. Ya san inda doka ke ƙarewa marke da kalgo su karɓa, ya san in ka fara ganin aduwa da goriba sun yi yawa ka doshi arewa. Su kuma nan ƙasar itatuwansu na asali nawa ne duka duka, rabin shekara ma tsirara suke ba ganye. Ni kam da za a ba ni zaɓi ko inuwar ɗorawa ɗaya ta ishe ni.

Abin da ke ci mini rai shi ne wa zai je ya rubuta namu yanzu? Mutanen Haɗeja da Nguru da idonsu suka ga kacalla ta toshe musu hanyoyin ruwa. Masu gawayi sun bi kirya da marke, fadamun bakin gari an yanka fulotai, burtali ya zama gona, tsofaffin da suka san sunan kowace ciyawa suna ta tafiya jikokinsu ko gamba da kyasuwa ba sa bambancewa. Ko an samu ɗalibin da ke da niyya a jami'o'inmu, wace uwa ce za ta bar ɗanta ya ɗauki igiya da littafi ya shiga Rugu ko Kamuku ko Sambisa? In aka ambaci dazuzzukan nan yau ba wanda ke tambayar wane itace ya fi yawa a ciki, sai dai a ce dabar wane ce a wurin, nawa kuma suke karɓa kafin a bar mutane su yi girbi.