Mun je kallon ruwan Matsirga, La'asar ta kusa kuɓuce mana

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Ranar Asabar da ta wuce mu 12 muka ɗauki shatar mota daga Kaduna, muka bi ta Kachia da Zonkwa har Madakiya, don mu ga ruwan Matsirga da ke dab da Kafanchan. Tun kafin ka hango shi kake jin rugugi kamar hadari ya taso. Ka gangara ta cikin ciyawa da duwatsu masu santsi, sai ga ruwa fari fat yana zubowa daga kan dutse mai tsawon kusan mita 30, feshinsa na jiƙa maka riga tun daga nesa, ga bakan gizo a cikin feshin. Daga tsaunukan Kagoro yake gangarowa, kuma da damina ƙarfinsa sai wanda ya gani.

Mun isa wajen ƙarfe 1 na rana. Kowa ya zaro waya. Wannan ya hau dutse a ɗauke shi, wancan yana bidiyo, wani na neman inda sabis yake don ya ɗora a Facebook. Azahar ta yi, muka ce ai matafiya ne mu, ma haɗa da La'asar. Kuma gaskiya ne, shari'a ta yi wa matafiyi wannan sauƙi. To La'asar ma ta yi, ba wanda ya motsa, har rana ta fara ja. Sai ga direbanmu, dattijo ne mai furfura, ya gangaro daga inda ya ajiye mota, tabarma a hammata. Shi tuni ya yi tasa. Ya ce, "'Ya'yana, ruwan nan da kuke ta ɗauka a waya tun ɗazu, ba mai taɓa shi ya yi alwala?"

Wallahi sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Baba, mun yi kuskure." Ya ce, "Ku hanzarta dai."

Ina alwala, ruwan da sanyi kamar ƙanƙara, sai aya ta 74 cikin Suratul Baƙara ta faɗo mini a rai. Allah yana ba da labarin Bani Isra'ila, Ya ce zukatansu sun ƙeƙashe sun zama kamar duwatsu, ko ma sun fi duwatsu tauri, domin a cikin duwatsu akwai wanda ƙoramu ke ɓuɓɓugowa daga gare shi, akwai wanda ke tsagewa ruwa ya fito, akwai wanda ke faɗowa don tsoron Allah. Tun ina allo nake karanta ayar nan, amma ranar ce na fara tsayawa a gaban fassararta. Ga dutse a gabana yana kwararar da ruwa dare da rana. Ni kuwa sama da awa huɗu na yi a wurin, ban tuna na ce Subhanallah ko sau ɗaya ba, balle idona ya kawo ƙwalla. Hotuna sun fi 50 a wayata.

Da muka sallame ba wanda ya yi magana. A wannan shirun ne muka lura ashe ba mu kaɗai ne a wurin ba. Tsattsewa na ta shawagi suna ratsa feshin ruwan, kurciya na kuka a bayanmu, ga sheƙar marai rataye a reshe a saman rafi, namijin na shiga yana fita da ciyawa a baki. Tun da muka zo suna nan, hayaniyarmu ce ta rufe su. A Suratun Nur, aya ta 41, Allah Ya ce duk wanda ke sammai da ƙasa yana yi masa tasbihi, har da tsuntsaye suna shimfiɗe da fikafikansu, kowanne ya san sallarsa da tasbihinsa. Tsuntsu ya san lokacin tasa, mu da aka ba hankali da agogo a hannu sai da aka zo aka tashe mu.

Wannan ya tuna mini da Kamuku, gandun dajin da ke Birnin Gwari, wanda aka keɓe tun 1936, gwamnatin tarayya ta mayar da shi gandun ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. Muna ɗalibai aka taɓa kai mu. Da sassafe ma'aikacin gandun ya sa mu tsuguna, ya ce kada wanda ya yi ko tari. Can sai ga burtu biyu suna takawa a hankali cikin ciyawa, baƙaƙe wuluk, suna tsintar ƙwari da ƙadangaru. Da ɗaya ya buɗe fiffike sai ga farin gashi a ƙarshensa. Ba rumbu gare su ba, ba albashi, amma ba su zauna jiran abinci ya same su ba. Shi ne hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Sayyidina Umar, cewa da za mu dogara ga Allah haƙiƙanin dogaro, da Ya azurta mu kamar yadda yake azurta tsuntsaye, su fita da safe ciki wayam, su dawo da yamma a ƙoshe.

A cikin gandun akwai wani ruwan mai zubowa da ake kira Dogon Ruwa. Ranar ba mu kai gare shi ba, muka ce sai wani jiƙon. Daga baya dajin ya zama maɓoyar 'yan bindiga, hanyar Birnin Gwari ta zama abin da muka sani, mutanenmu na can suka sha wahalar da ba ta faɗuwa. Har yau ban ga Dogon Ruwa ba. Don haka idan Allah Ya ba ka lafiya da kuɗin mota da hanyar da za ka bi ka dawo gida lafiya, ka san an yi maka babbar kyauta. Ta yaya za ka karɓi kyauta ka manta da Mai bayarwa a wurin da Ya kai ka?

Abu ɗaya kuma, don Allah a daina barin ledoji da robobi a bakin ruwa, kuma a hana yara harbin tsuntsaye da danƙo don wasa. Abu Dawud ya ruwaito cewa sahabbai sun taɓa ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a halin tafiya, ta zo tana ta fuffuka, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wa ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta.

Kafin mu hau mota mun tsince ledojinmu da na waɗanda suka riga mu zuwa. Mun kuma yanke cewa a tafiya ta gaba za mu naɗa mutum ɗaya, aikinsa kawai duba lokaci da kiran salla. Ni na karɓi na farko, in sha Allahu.