Don Allah a daina raina faktoraizeshan

Jiya da daddare ƙanwata mai shirin JAMB ta kawo min lissafin kwadiratik, irin mai x² ɗin nan, x² − 5x + 6 = 0, na ce to bismillah yi mu gani. Yarinya ta gyara zama ta fara zazzago doguwar fomular nan da suke ce wa olmaiti, ta hardace ta tsaf kamar karatun allo, ta cika layi shida, ƙarshe ta manta b ɗin, wato lambar da ke gaban x, shi ma kansa mainos ne, ta fito min da −2 da −3. Amsa kuwa 2 ce da 3.

Na ce ajiye biron, mu bi ta faktoraizeshan, wato tsaga lissafin gida biyu. Waɗanne lambobi biyu ne in kin ninka su ki samu 6, in kin tara su ki samu −5? Shiru. Sai da ta koma yatsu. To wallahi a nan gizo ke saƙar, yaranmu ba kwadiratik suke tsoro ba, taims tebur ne bai zauna ba, da alamar fulos da mainos. Wasu masu lesin kuma don su huta sai su ce kowa ya riƙe fomula ita ke buɗe kowace ƙofa. Eh tana buɗewa, ban musa ba, amma JAMB tambaya 180 ce a awa biyu, sakan 40 kenan kowace ɗaya, ina kika ga lokacin layi shida?

Wanda tebur ya zauna masa kallo ɗaya zai ga lambobin nan biyu −2 da −3 ne, ya rubuta (x − 2)(x − 3) = 0, x ya zama 2 ko 3, an gama. Ko mai lamba a gaba irin 2x² + 7x + 3 = 0 ba wani dodo ba ne, ninka 2 da 3 ka samu 6, nemo waɗanda za su ba ka 6 a ninki 7 a tari, wato 6 da 1, ka tsaga na tsakiyar ka haɗa su bibbiyu, (2x + 1)(x + 3) ya fito, x ya zama −½ ko −3.

Abin da ya fi ƙona min rai ma shi ne x² = 5x. Yaro sai ya soke x nan da can ya ce amsa 5, ya jefar da sifili a bola, alhali in ya kwaso komai gefe guda x(x − 5) = 0 ne, amsoshi biyu kenan, 0 da 5. Ni ma na taɓa yin wannan a SS2, biro ja na sha.

Ba cewa nake a watsar da fomula ba fa. Akwai wanda ko ka kwana kansa ba zai tsagu ba, kamar x² + 3x + 1, b² − 4ac ɗinsa 5 ne, ba shi da ruut cikakke, wato ba cikakkiyar lambar da za ka ninka da kanta ta ba ka 5, nan kam ɗauko olmaiti. Kuma in WAEC ta ce da hanya kaza take so a tiyori to ita za ka bi.

Ita dai Hajiyar tawa yau tebur na 7 da na 8 za mu koma bayan isha'i, tun safe take kumbura baki wai ita ba 'yar firamare ba ce.