Sinuka lissafi ce kafin ta zama wasa

Duk mai ganin cewa sinuka wasan marasa aikin yi ne, ina gayyatarsa ya zauna mu yi lissafi. Ina nufin sinuka ta ainihi, mai babban tebur da jajayen ƙwallaye 15, wadda sojojin Birtaniya suka ƙirƙiro a garin Jabalpur na Indiya a 1875, wadda kuma ake buga gasar duniyarta a zauren Crucible da ke Sheffield tun 1977. Ƙaramin teburin da matasa ke bugawa a unguwanninmu, mai ƙwallaye masu lamba, wani wasa ne daban da tasa dokar.

Kowace ja maki 1 ce. Rawaya 2, koriya 3, ruwan ƙasa 4, shuɗiya 5, ruwan hoda 6, baƙa 7. Idan ka jefa ja a rami sai ka zaɓi mai launi ɗaya ka jefa, alƙalin wasa ya ciro ta ya mayar da ita gurbinta, ka sake neman ja. Sai jajayen sun ƙare ake bin masu launin daga rawaya zuwa baƙa, jimlarsu 27. Daga waɗannan ƴan dokoki ne ake fitar da tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa da a ganina sun fi yawancin na littattafan makaranta daɗi da amfani.

Masu kallon wasan sun san 147: ja da baƙa sau 15, wato 120, a ɗora 27. Ronnie O'Sullivan ya yi ta cikin minti biyar da daƙiƙa takwas a gasar duniya ta 1997. To amma shin 147 ce ƙarshen abin da mutum zai iya ci a zuwa ɗaya, wato a jere ba tare da ya kuskure ba? Mai lissafi zalla zai rantse cewa eh. Wanda ya san doka zai ce a'a. Idan abokin karawarka ya yi laifi ya kuma bar ka a rufe, ba ka ganin jar da za ka buga sosai, alƙali zai ba ka ƙwallon kyauta, wato damar ɗaukar kowace ƙwallo a matsayin ja. Idan hakan ta faru kafin a jefa ja ko ɗaya, ka samu ja ta 16 ke nan da baƙarta, lissafi ya tashi 155. Jamie Burnett ya bi ta wannan ƙofar a 2004 ya ci 148: ruwan ƙasa a matsayin ja, ruwan ƙasa kuma a matsayin kanta, sannan jajaye 15 da baƙa 12 da ruwan hoda 2 da shuɗiya 1, ya rufe da 27. Ku haɗa da kanku ku gani.

Wannan shi ne abin da ya sa nake son irin waɗannan tambayoyin. Tarawa da ninkawa kaɗai ba sa kai ka ga amsa, sai ka koma ka sake karanta sharaɗin da aka gindaya.

Ga wadda na fi so. Mutum ya fara daga ja ta farko, yana bin kowace ja da baƙa, abokin karawarsa bai ci ko ɗaya ba. A maki nawa ne turmin ya zama nasa, ta yadda ko ya kuskure ɗayan ba zai kamo shi ba sai da taimakon laifi? Kusan kowa zai raba 147 gida biyu ya ce 74. Amsar ita ce 73. Bayan ja tara da baƙa tara yana da 72, a tebur kuma saura ja shida, wato 48 da 27, jimla 75, har yanzu ana iya wuce shi. Da ya jefa ja ta goma ya koma 73, kuma abin da ya rage wa ɗayan ya faɗo 67 nan take, domin baƙar da ke bin wannan jar hakkin wanda ya jefa jar ne shi kaɗai. Ƙwallo mai maki ɗaya ta kwashe takwas daga hannun abokin karawa. Shi ya sa za ka ji ƴan kallo sun ɓarke da tafi a kan wata ja da baƙo zai ɗauka ba komai ba ce, su ma suna lissafin a zuci.

Sai ta cin ɗari. Ka zo tebur ka tarar da ja tara, za ka iya cin 100? Tara sau takwas 72, da 27, ya zama 99. Saura ɗaya tak, kuma babu inda za ka samo shi idan ba a ba ka waccan ƙwallon ta kyauta ba. Da ja goma kuwa, ba ka ma bukatar baƙar ƙarshe: 80, sai 2, 3, 4, 5, 6, ɗari cif a kan ruwan hoda, da ƙwallo 25. Wanda ya fara tun jajaye na 15 a tebur sai ya jefa 26 kafin ya haye, domin 25 ɗinsa 97 ce.

Haka idan aka juya tambayar aka ce mene ne mafi ƙarancin makin da za a share tebur da shi a zuwa ɗaya. Ja da rawaya sau 15 da 27 sun ba da 72. Sai dai doka ba ta hana jajaye da yawa shiga a bugu ɗaya ba, kowacce da makinta. A takarda, jajaye 15 su shige lokaci guda, a bi da rawaya ɗaya, a share sauran, 44 ke nan. Na san hannun ɗan Adam ba zai yi wannan ba, amma tambayar a kan abin da doka ta yarda da shi take.

Roƙona ga malaman lissafi na firamare da ƙaramar sakandare, su gwada wannan a aji. Ba sai an kai yaro inda ake caca ba, ni ma ban goyi bayan hakan ba. Allo da alli sun isa, ko murafen kwalba 21 a kan benci, a yi musu alama. Yaron da ya gane cewa abin da ya rage a tebur shi ne yawan jajaye sau takwas a ƙara 27, ya shiga aljabara da ƙafarsa tun kafin a rubuta masa harafi ko ɗaya a allo. Kuma zai yi gardama da ɗan'uwansa a kan amsa, ya kare ta da hujja, abin da haddar jadawali ba ta koyarwa.

Ga ɗaya ku gwada. An wuce ka da maki 35, jajaye sun ƙare, masu launi shida ne kawai a tebur. Mafi ƙarancin tarar laifi maki 4 ce. Sau nawa kake bukatar abokin karawarka ya yi irin wannan laifin kafin ka tsira da turmin? Idan lissafinka ya kai ka ga kunnen doki, ka tuna cewa a sinuka ba a tashi canjaras, alƙali zai mayar da baƙa gurbinta a sake fafatawa a kanta.